Mayafin Hanjin Kare: Kwanciyarsa, Hanyoyin Jininsa da Yadda Ake Aiki da Shi a Tiyata

Duk wanda ya buɗe cikin kare ta tsakiya, daga ƙarshen ƙashin ƙirji zuwa mara, ba hanji zai fara gani ba. Da farko zai ci karo da wani dunƙulen kitse da ke rataye tsakanin cibiya da hanta, wanda galibi ake yankewa don a sami wurin aiki. Yana kawar da shi sai ga wani tantani mai raga-raga shimfiɗe a kan hanji tun daga tumbi har kusa da mafitsara. Shi ne mayafin hanji, wanda littattafan likitanci ke kira omentum. Wanda ya taɓa tsayawa kan fiɗar ragon layya ya san ɗan'uwansa, farin kitsen nan mai faɗi da ke lulluɓe da tumbi. Na kare bai kai shi kauri ba. Kitsensa yana bin layin jijiyoyi ne, tsakanin layi da layi kuwa har hanji kana hangowa.

Ɗalibin likitancin dabbobi, ko a Zariya yake ko Sakkwato ko Maiduguri, da wuya ya gama karatu bai ɗaga wannan tantani da hannunsa ba. Amma yawanci ɗagawar ta a kawar da shi ce don a isa ga abin da ake nema. Ina ganin wannan asara ce babba, musamman a gare mu da muke aiki inda kayan tiyata ke da tsada da wuyar samu. Cikin kowane kare akwai abin toshe ɗinkin hanji, da abin tsotse mugunya, da abin kai jini ga gyambon da ya ƙi warkewa, ba a biyan ko kwabo. Sharaɗinsa ɗaya ne, ya isa inda za a kai shi da jininsa yana gudana. Mayafin da aka yanke wa jini mataccen kitse ne, ruɓewa zai yi ya ƙara wa ciwo ciwo. Saboda haka sanin hanyar jininsa shi ne rabin aikin.

Yadda yake kwance

A koyi wannan a kan gawar kare sabuwa in da hali, domin wadda ta daɗe a cikin fomalin mayafinta yakan ƙanƙance ya manne, ba a gane falle da falle. Kada a kusanci gawar karen da ake zargin ciwon hauka ne ya kashe shi. A sa safar hannu, a kwantar da gawar rigingine, kuma duk inda aka ce dama ko hagu a nan, na karen ake nufi.

Mayafi iri biyu ne, babba da ƙarami. Babban yana nan kamar zanen da aka ninka biyu, aka ɗaure bakunansa biyu a wajen kai, ninkin kuma yana can wajen wutsiya. Fallen waje, wanda ke kallon fatar ciki, ya taso daga dogon gefen tumbi da farkon diyodinam, wato hanjin da ke bin tumbi, ya gangara har bakin ƙugu kusa da mafitsara. A nan ya naɗe ya komo a matsayin fallen ciki, wanda ke kwance kai tsaye a kan hanji, ya hau ta bayan tumbi ya kama bangon ciki na wajen gadon baya. Kowane falle shi kansa tantani biyu ne da jijiyoyi da kitse a tsakani. A mutum mayafin yana manne da babban hanji mai gilmawa, a kare kuwa bai manne ba. Shi ya sa kana iya sa hannu biyu a ƙarƙashin ninkin ka ɗaga shi gaba ɗaya ka kifa shi a kan ƙirji, kuma shi ya sa hotunan littafin likitancin mutum ke ɓatar da ɗalibin dabbobi.

Gaɓoɓi biyu suna zaune a cikin mayafin kansa, kuma duk haɗarin aikin yana wajensu. Saifa tana cikin fallen waje ta hagu, ɓangaren da ke tsakaninta da tumbi shi ne igiyar da ta rataye ta. Reshen hagu na fankiriyas kuma yana cikin fallen ciki. In ka kifa mayafin a kan ƙirji ka duba gindinsa, za ka gan shi kwance, launinsa ja-ja mai haske, jikinsa gaɓa-gaɓa. Akwai kuma wani ƙaramin shafi da ya tashi daga fallen ciki ya kama tantanin babban hanji mai gangarowa ta hagu. Shi ne ke riƙe mayafin idan ka ja ka ji ya ƙi zuwa ta wannan gefe.

Tsakanin fallayen biyu akwai jaka. A karen da ke raye babu komai a cikinta, bangayenta a haɗe suke. Ka tsunkuli fallen waje da yatsu biyu a inda babu jijiya, ka ɗaga, za ka ji na cikin ya zame ya rabu da shi. Ka ɓula nan ka leƙa: ga bayan tumbi, ga reshen fankiriyas, ga jijiyar saifa tana bin gefensa. Jakar tana da ƙofa ɗaya tak ta halitta, a dama, kusa da hanta. Don ka same ta, kama diyodinam mai gangarowa ka ɗaga shi ka ja shi hagu, tantaninsa zai tare maka sauran hanji. Ka bi babbar jijiyar bena kaba da yatsa zuwa wajen hanta, yatsan zai faɗa wani rami. A kwancen rigingine, bena kaba tana ƙarƙashin yatsanka, jijiyar fotal, mai kwaso jinin hanji zuwa hanta, tana samansa, jijiyar da ke kai jini hanta tana gefen da ke wajen wutsiya, hanta kuma tana gaba.

Wannan ƙofa ta cancanci a saba da ita tun a kan gawa. Idan hanta ta fashe jini yana malala, yatsa ɗaya a cikin ƙofar da babban yatsa a waje suna matse fotal da jijiyar hanta lokaci guda, dabarar da Hogarth Pringle na Gilasgo ya bayyana a 1908. Sai dai kare ba ya jure toshewar fotal na dogon lokaci, jini yana taruwa a hanji, don haka matsewar ta mintuna kaɗan ce a saki. A nan ne kuma ake neman jijiyar da ta kauce wa hanta a ƴan kwikwiyon da aka haifa da wannan lahani.

Ƙaramin mayafi ba shi da yawan magana. Ya tashi daga gajeren gefen tumbi da farkon diyodinam ya kama hanta. Gefensa na dama yana ɗauke da fotal da jijiyar hanta da bututun ruwan matsarmama. Ba a ɗaukarsa a kai ko'ina, abin da ake so kawai a san abin da ke cikinsa kafin almakashi ya matso.

Inda jinin ke fitowa

Asalinsa duka ɗaya ne, jijiyar siliyak, wadda ke fita daga awota da zarar ta ratso tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Gajeriya ce, nan da nan ta rabu uku: ta hanta, ta tumbi ta hagu, da ta saifa. Ta tsakiyar tana bin gajeren gefen tumbi. Sauran biyun su ne iyayen babban mayafi, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu.

Ta dama, jijiyar hanta bayan ta ba hanta rassanta ta ci gaba a matsayin jijiyar tumbi da diyodinam. Kusa da mafitar tumbi wannan ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya bi diyodinam da reshen dama na fankiriyas. Ɗayan ya juya ya bi dogon gefen tumbi, shi ne jijiyar gefen tumbi ta dama, gastroepiploica a littafi. Ta hagu, jijiyar saifa ta ratsa fallen ciki tana ba reshen hagu na fankiriyas jini a hanya, ta isa bakin saifa, ta aika gajerun jijiyoyi zuwa kan tumbi, sannan ta fitar da jijiyar gefen tumbi ta hagu. Ta dama da ta hagu suna tahowa su haɗu a dogon gefen tumbi. Daga wannan layi ƙananan rassa ke hawa bangon tumbi, wasu kuma na gangarowa cikin fallen waje. Jijiyoyin mayar da jini suna rakiyar waɗannan, na dama su zuba a jijiyar tumbi da diyodinam, na hagu a ta saifa, dukansu su ƙare a fotal. Wato jinin mayafi ta hanta yake komawa.

Shekaru da yawa abin da ake koyarwa ke nan, sauran bayanin kuma aro ake yi daga jikin mutum. A 2016 Marjan Doom da abokan aikinta a Jami'ar Gent ta Beljiyam suka ɗura ruwan roba mai launi cikin jijiyoyin gawar karnuka 10 suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar kowane falle yana da manyan jijiyoyinsa biyu da ke bin bakinsa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suna gangarowa su haɗu kusa da ninkin su yi baka. Fallen waje da bakansa, fallen ciki da nasa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mahaɗar da ke tsakanin fallayen biyu: raunana ce kuma ba ta da tabbas, in ban da guda ɗaya da suka samu a karnuka 8 cikin 10.

Ma'anar wannan ga mai riƙe da almakashi a fili take. Ido yana ganin mayafi shimfiɗa ɗaya ce da aka ninka, sai mutum ya ɗauka jini yana zagayowa daga wannan falle zuwa wancan ba wahala. A jikin kare kuwa kusan gida biyu ne, kowanne da hanyar ruwansa, ƙofar da ke tsakaninsu ƴar ƙarama. Duk wanda ya raba fallen ciki da asalinsa ya dogara ne kan wannan ƴar ƙofa. Jijiyoyin baki kuma su ne jarin kowane falle, yankan da ya ratsa su ya fi wanda ya bi tsakiya ɓarna.

Akwai hanya mai sauƙi ta ganin duk wannan a karen da ake wa tiyata. Ka shimfiɗa mayafin a kan tafin hannunka biyu, mataimaki ya haska fitila ta bayansa. Jijiyoyin za su fito jajaye a cikin layukan kitse, manya a baki, ƙanana a tsakiya, kuma in ka tsaya cak za ka ga bugunsu. A ramammen kare komai a bayyane yake amma tantanin yana yagewa da ɗan ja kaɗan. A karen gida mai ƙiba kitse ya binne jijiyoyin, sai an haɗa da lalube. Ban yarda a sa almakashi a mayafi ba kafin a yi wannan haskawa.

Sanin jijiyoyin nan yana amfani ko a tiyatar da ba ta mayafi ba ce. Wajen cire saifa, ɗaurin da aka yi can ƙasa a kan jijiyar saifa, kafin ta ba fankiriyas rassanta, zai kashe reshen hagu na fankiriyas. A ɗaure bayan ta wuce shi. A manyan karnuka masu zurfin ƙirji da tumbinsu ke murɗewa, irin su jaman shefad na gadi, kana buɗe ciki ka ga mayafi lulluɓe da kumburarren tumbi, to ya juya ke nan, domin juyawar ce ke jawo mayafin a kansa. Jinin da za ka tarar a cikin ciki kuwa sau da yawa daga gajerun jijiyoyin tumbi ne da suka tsinke.

Abin da yake yi

Likitan tiyata na Ingila Rutherford Morison ya kira shi ɗan sandan ciki a 1906, saboda duk inda aka sami ɓarna a can ake tarar da shi. Ba tafiya yake yi da kansa ba. Motsin hanji da numfashi ke yawo da shi, in ya taɓa wuri mai kumburi sai ya manne cikin sa'o'i kaɗan. A jikinsa akwai ƴan ɗigo-ɗigo farare da Louis Ranvier na Faransa ya yi bayaninsu a 1874, tarin ƙwayoyin garkuwar jiki ne masu cinye ƙwayoyin cuta. Yana tsotse ruwa, yana kuma fitar da sinadaran da ke sa sababbin jijiyoyi su tsiro su shiga naman da ya manne wa. Wannan hali nasa ne kuma ke sa ƙwayoyin ciwon kansa, musamman kansar jijiyoyin jini ta saifa, su sami wurin zama a jikinsa. In ka ga ƙulle-ƙulle ja ko baƙi a warwatse a kansa, kada ka kai shi ko'ina, ka yanki samfuri a kai ɗakin gwaji.

Aiki da shi a cikin ciki

Mafi yawan amfaninsa ba ya bukatar a yanke komai a jikinsa. Kwikwiyon da hanjinsa ya shige cikin juna bayan gudawa ko tsutsar ciki, ko karen da ƙashi ya toshe wa hanji, an yanke an ɗinke. A matse hanjin ta gefe biyu, a ɗura ruwan gishiri da sirinji a ga ko yana yoyo, a wanke wurin, sannan a jawo bakin mayafi a lulluɓe ɗinkin. A kafe shi da ɗinki biyu ko uku na zare mai narkewa a fatar hanjin. Kada a naɗe shi tamau har ya zagaye hanjin ya shaƙe shi. Kuma a sani mayafi ba ya gyara mummunan ɗinki. In ɗinkin bai kama shimfiɗar hanji mai ƙarfi da ke ƙarƙashin tantanin ciki ba, ko an ɗinke hanjin da ya riga ya mutu, tsakanin kwana na 3 da na 5 zai buɗe, da mayafi ko babu.

Inda ya fi nuna kansa shi ne ƙurjin furostet, ƙullin da ke zagaye da bututun fitsari a wuyan mafitsara. Ciwon tsofaffin karnuka maza ne da ba a fiɗiye ba: zazzaɓi, yunƙurin kashi, fitsari da jini ko mugunya, tafiya a sanƙare. A da robobin tsiyaya ake sakawa ko a ɗinke bakin ƙurjin a fatar ciki, kare ya yi makonni yana zubar da mugunya. A 1995 White da Williams a Ingila suka wallafa aikinsu a kan karnuka 20 da suka cusa wa mayafi a cikin ƙurjin. Guda 19 suka warke ciwon bai dawo ba cikin shekara, yawancinsu kuma an sallame su cikin kwana biyu.

Ga yadda ake yi. A fara sa robar fitsari, domin ita ce za ta nuna wa yatsa inda bututun yake. A buɗe mara, a kewaye furostet da ƙyallayen tiyata masu laima don mugunya kada ta bazu. A soka gefensa na dama da na hagu, ta ɓangaren da ke kallon fatar ciki, a zuƙe mugunyar, a ɗebi kaɗan don gwaji. Sai a sa yatsa a farfasa ɗakunan ƙurjin har su zama rami ɗaya, ana jin robar a tsakiya ana kauce mata. A faɗaɗa ƙofofin biyu ta hanyar yanke ɗan ɓawon, a ajiye shi don gwaji, a wanke ramin sosai. Daga nan a zura hantsaki ta ƙofa ɗaya ya fito ta ɗayar, a kamo bakin mayafi a jawo shi ciki, a zagaya da shi bututun fitsari, a fito da shi, a ɗinke shi a jikin kansa. A cika ramin ba tare da an danna ba. Bayan furostet, wajen dubura, nan jijiyoyin da ke riƙe fitsari suke, kada a yi tono a wurin. A fiɗiye karen a zama ɗaya, a ci gaba da maganin kashe ƙwayoyin cuta bisa sakamakon gwaji. Irin wannan cusawa ana yin ta a ƙurjin fankiriyas da jakunkunan ruwa na furostet ko hanta.

Idan ya leƙo waje

Mafarauta sun san wannan gani ko da ba su san sunansa ba. Hauren gadu, ko ƙaho, ko ƙarfen shinge, ya huda gefen cikin kare, sai ga wani jan abu mai kitse yana reto. Haka ma karyar da aka cire wa mahaifa ɗinkinta ya saki. Mayafi ne ke fara fitowa, sau da yawa ma shi ke toshe ramin ya hana hanji biyowa. Mai kare zai ce, "Likita, hanjinsa ne ya fito, na so in mayar." Amsar ita ce, "A'a Baba, gara da ba ka mayar ba." Abin da ya kwashi ƙasa da gashi in aka tura shi ciki an shuka ruɓa ke nan. A rufe shi da ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce, a ɗaure sako-sako, a hana karen kai baki wurin, domin zai tauna ya jawo sauran. Kada a zuba toka ko garin magani.

A asibiti, bayan ƙarin ruwa da allurar barci, a buɗe ta tsakiya. A ɗaure mayafin daga ciki a inda yake da lafiya, kashi-kashi, a yanke, sannan a zare gurɓataccen ta waje, kada ya ratsa cikin ciki. A bi hanji daga tumbi har dubura ana neman huji, domin abin da ya huda bango yana iya huda hanji. A wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a gyara bakin ramin a rufe. Kare yana rayuwa lafiya bayan an cire wani ɓangare na mayafinsa. Duk ramin da ya rage a jikin mayafin a ɗinke shi ko a tsaga shi har baki, kada hanji ya faɗa ya maƙale.

Tsawaita shi zuwa nesa

Wani lokaci wurin da ke bukatarsa yana wajen ciki: gyambon hammata ko matsematsi da motsi ya hana shi rufewa, raunin bangon ƙirji, ko ruwan da ke taruwa a ƙirji. Kafin a yanke komai a gwada mayafin yadda yake. A binciken Gent, cikin gawa 10, ya kai matsematsi biyu a dukansu ba tare da an taɓa shi ba, amma hammata a karnuka 4 kawai ya kai. Ashe raunin baya ba ya bukatar tsawaitawa, na gaba ne ke bukata.

Hanyar da aka fi sani ita ce ta Ross da Pardo ta 1993, mataki biyu. Na farko, a fito da mayafi da saifa a kan ƙyalle mai laima, a kifa fallen ciki wajen kai, a raba shi da fankiriyas da almakashi, ana ɗaure kowace jijiya kafin a yanke. Rassan da suka shigo fallen daga jijiyar saifa a ɗaure su kusa da saifa, ita uwar jijiyar da rassanta na fankiriyas a bar su. Fankiriyas ba ya son matsa, a riƙe tantanin da ke gefensa maimakon shi. Fallen ciki yana sakuwa sai a warware ninkin, mayafin ya zama shimfiɗa ɗaya. A karnukansu 10 matsakaicin tsawon ya kai santimita 44.5, faɗin ƙarshensa 30.4.

Mataki na biyu yanka ne mai kusurwa. A fara ta hagu, dab da bayan igiyar saifa, a gilma rabi zuwa kashi biyu cikin uku na faɗin, ana ɗaure jijiyoyi sau biyu a yanke tsakani. Sai a juya wajen wutsiya a bi layin jijiyoyin da suka rage, kada a wuce kashi biyu cikin uku na tsawon. Abin da ya fito dogon harshe ne mai gindi a dama. Tsawonsa ya kai santimita 82, faɗin ƙarshensa ya ragu zuwa 11, ya isa ƙarshen ƙafafu da baki. Amma da suka ɗauki hoton jijiyoyin, 8 cikin 10 ne jini ke ratsa su. Biyu sun toshe, kuma wanda ya fahimci raunin mahaɗar fallayen ba zai yi mamaki ba. Masu binciken Gent sun kawo wata hanya da ke barin gindin a hagu a kan jijiyar saifa, ta kuma kai hammata da matsematsi har ta wuce a duk gawar da suka gwada, sai dai a kan gawa suka yi aikin. Ra'ayina shi ne a tsaya a matakin da ya isa. In mayafi ya kai yadda yake, a bar almakashi. In matakin farko ya wadatar, kada a yi na biyu. Bayan kowane mataki a sake haskawa, a dubi ƙarshen harshen. Ja mai haske mai bugu shi ake so. In ya yi shuɗi-shuɗi ko ya yi sanyi, a datse har inda jini ke fita.

Fitar da shi daga ciki ana yi ne ta ƴar ƙofa a bangon ciki, a bayan haƙarƙari na ƙarshe ta gefen da raunin yake, faɗin yatsu biyu ko makamancin haka gwargwadon kaurin harshen. In ta matse za ta shaƙe jijiyoyin mayar da jini, harshen ya kumbura ya mutu. In ta yi faɗi hanji zai biyo ya zama ƙaba. A haƙa hanya a ƙarƙashin fata da dogon hantsaki har zuwa raunin, a jawo harshen a hankali, ana duba kada ya murɗe, kuma a bar masa sassauci yadda in kare ya miƙe ko tumbinsa ya cika ba zai ja ba. A ɗan kafe shi a bakin ƙofar ba tare da allura ta taɓa jijiya ba. Raunin kansa sai an kankare shi ya yi tsabta tukuna. A shimfiɗa mayafin a ciki, a kafe gefunansa, a rufe da fata, ko ta wurin ko wadda aka juyo daga kusa, domin mayafin da aka bari a iska bushewa yake yi. Duk tsawon aikin mataimaki ya riƙa yayyafa masa ruwan gishiri mai ɗumi.

Bayan tiyata kada bandeji ya danne hanyar da harshen ya bi. A sa wa karen abin wuya da zai hana shi lasa, a tsare shi a wuri ɗaya na mako biyu, ba farauta ba tsalle. Ɗan kumburi mai laushi a kan hanyar da ɗan ruwa-ruwa a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Abin da za a gaya wa mai kare ya dawo da shi a ranar, ko da dare ne, shi ne amai, ƙin abinci, zazzaɓi, wari daga raunin, ko kumburi mai tauri da zafi a daidai ƙofar da aka huda a bangon ciki.